Rakiyar Hajiya zuwa Ohio da takardar da ake karanta wa jirgi kafin ya tashi

Ni dai rakiya aka tura ni. Yayarmu da ke aure a Columbus ta jihar Ohio can Amurka ta sauka lafiya, Hajiya za ta je zaman jego, kuma kowa a gida ya san ba za ta iya wannan hanyar ita kaɗai ba, ba Turanci, ga ciwon gwiwa, ga canjin jirgi har sau uku, sai aka ce tunda ni ne na samu hutu a wurin aiki in ɗauke ta mu je mu yi sati shida mu dawo tare. Wahalar biza kam labarin wata rana ne.

Hajiya ba ta son jirgin sama ko kaɗan, kuma tana da dalilinta. A 1991 mahaifinta, kakanmu Allah Ya jiƙansa, ya je aikin hajji, an gama aiki suna Jidda suna jiran jirgin dawowa, sai ranar 11 ga watan Yuli aka ji a rediyo cewa jirgin alhazan Najeriya da ya taso daga Jidda zai tafi Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan da tashi, ya juyo zai sauka bai kai ba, mutum 261 da ke ciki babu wanda ya fita. Lokacin ba wayar hannu, sai da suka kwana uku ba su san yana ciki ko ba ya ciki ba. Allah Ya sa ba ya ciki, ya dawo ya ƙara shekaru masu yawa a duniya, amma kwana ukun nan har yau suna nan a zuciyar Hajiya. Ko da ta je nata hajjin, waɗanda suka zauna kusa da ita sun ce tun daga Kano har Jidda carbi bai bar hannunta ba.

Mun tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Abuja, da dare muka kama hanyar Faris, muka yi zaman jira na wasu awanni a can Hajiya na ta tambayata ina ne gabas, sannan muka tsallaka teku zuwa Detroit. Filin jirgin Detroit ɗin nan dogo ne kamar ba zai ƙare ba, har wani ɗan jan jirgin ƙasa suka sa a cikin ginin yana kai da kawowa a saman kawunan mutane, kuma kafin ka isa ɓangaren ƙananan jirage sai ka bi ta wata hanya ta ƙarƙashin ƙasa da aka yi wa ado da fitilu masu canza launi. Wani bawan Allah ma'aikaci ne ya turo Hajiya a keke har bakin ƙofa, ni ina biye da jakunkuna, idona kamar an zuba barkono don rashin barci.

Jirgin Columbus ƙarami ne, tafiyar ma ba ta kai awa ɗaya a sama ba. An tura mu baya, injina sun tashi, mun fara gangarawa a hankali sai kawai jirgin ya ja gefe ya tsaya. Minti biyu, minti biyar, shiru. Hajiya ta damƙe min hannu. Can sai muryar kyaftin ta fito a lasifika, ya ce iska ta juya an canza musu titin da za su tashi, don haka suna buƙatar 'yan mintuna su sake lissafi su sake bin takardar dubawarsu, a yi haƙuri.

"Me ya ce?" in ji Hajiya.

Na ce, "Ba komai Hajiya, titi aka canza musu, za su sake karanta takardarsu."

"Wace takarda kuma?"

"Wadda suke dubawa kafin su tashi."

Ta yi shiru, can ta ce a hankali, "Yanzu bai iya tuƙin ba ne sai ya duba takarda? Innalillahi."

Wallahi ba ni da amsar da zan ba ta, don ni ma abin da ke raina kenan, direban da ya shekara ashirin yana bin hanyar Kano zuwa Kaduna ai ba ya buɗe littafi kafin ya sa giya. Bayan kamar kwata muka tashi, muka sauka lafiya.

Mijin Yaya, wanda duk gida Injiniya muke ce masa, shi ya zo ya ɗauke mu. Aikinsa na kamfani ne amma yana da lasisin tuƙa ƙananan jirage, sha'awa ce kawai, kamar yadda wani a gida yake kiwon doki. Da daddare bayan an yi barka an ga jariri an ci abinci, Hajiya ta shiga ta kwanta, sai nake ba shi labarin tambayarta ina dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "A Detroit aka canza muku titi? Zauna ka ji."

Ya ce ranar 16 ga Agustan 1987 da yamma, a wannan filin jirgin da muka baro, wani jirgi ƙirar MD-82 na kamfanin Northwest zai tafi Phoenix. Matuƙan biyu ƙwararru ne, sun yi dubban awanni a sama. Suna cikin fita aka canza musu titi, hankalinsu ya tafi kan sabon titin da maganar yanayi da neman kwanar da za su shiga, sai takardar da ake karantawa a lokacin gangarawa ta wuce ba su karanta ba. A cikin takardar nan akwai layin filaf, wato wannan ɓangaren na bayan fiffike da in ka zauna ta taga za ka ga yana zamowa baya yana ɗan sunkuyawa kafin a tashi, shi ke ƙara wa fiffike faɗi har ya iya ɗaga jirgi tun gudu bai yi yawa ba. Ba su buɗe shi ba. Akwai ƙararrawa a jirgin da aka yi don ta yi ihu idan an ba da wuta filaf na rufe, ita ma ranar lantarki bai kai mata ba, ta yi gum. Jirgin ya ɗaga da ƙyar yana tangaɗi, ya bugi turken fitila, ya faɗa kan titin mota. Mutum 154 na cikinsa suka rasu da wasu biyu a ƙasa, yarinya ɗaya 'yar shekara 4 ce kaɗai ta rayu. Shekara ɗaya bayan nan, a 1988, irin wannan mantuwar ta sake faruwa a Dallas mutum 14 suka mutu, sannan a 2008 a Madrid ta ƙasar Sifen, irin jirgin, irin mantuwar, ƙararrawar ma ba ta yi kuka ba, aka sake rasa mutum 154.

Jikina ya yi sanyi. Kwatan awar da nake ta tsaki a raina a kansa, ashe a filin ne, kuma a kan irin canjin titin ne.

Sati biyu da zuwanmu, ranar wata Asabar ta watan Oktoba, Injiniya ya ce in shirya mu je Dayton. Tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce a mota ta yamma da Columbus, hanya shimfiɗaɗɗiya, gonakin masara hagu da dama sun bushe ana girbi da manyan injina, itatuwa sun koma ja da rawaya, ga wani sanyi mai shiga ƙashi wanda su a wurinsu wai ba a fara ba tukuna. Dayton garin 'yan'uwan nan biyu ne, Wilbur da Orville Wright, masu shagon keke da suka tashi jirgi mai inji na farko a watan Disambar 1903. A gefen garin akwai gidan tarihin sojan saman Amurka, shiga kyauta, manya-manyan rumfuna guda huɗu cike da jirage sama da 300, in ka ce sai ka ga komai ƙafarka za ta kumbura. Har cikin jirgin shugaban ƙasa da ya ɗauko gawar Kennedy a 1963 na shiga na ratsa.

Amma wurin da Injiniya ya kawo ni don shi, gaban wani tsohon jirgin yaƙi ne mai farfela huɗu, B-17, wanda ake kira Memphis Belle. An goge shi yana ƙyalli, hancinsa gilashi, bindigogi ta ko'ina. Ya nuna min ta waje ya ce filin da ginin nan yake a kai shi ne tsohon Wright Field, a nan aka haifi takardar da Hajiya take tambaya.

A 1935 sojan Amurka na neman sabon jirgin jefa bama-bamai, kamfanoni uku suka kawo nasu, na Boeing da ake kira Model 299 ya fi sauran girma da gudu da nisan zango, kowa ya ɗauka ya riga ya ci gasa. Ranar 30 ga Oktoba aka fito da shi gwaji a wannan filin. Wanda ke kan sitiyari Manjo Ployer Hill ne, shugaban matuƙan gwaji na wurin, mutumin da aikinsa kenan hawa jirgin da ba a taɓa hawa ba, kuma a bayansa ga Leslie Tower, matuƙin gwajin Boeing ɗin da ya fi kowa sanin jirgin. Jirgi ya tashi, hanci ya yi sama ya ci gaba da yin sama ya ƙi saukowa, fiffike ya daina riƙe iska, ya sulalo ya daki ƙasa ya kama da wuta. Hill ya rasu a ranar, Tower ya biyo shi bayan wasu kwanaki. Da aka bincika babu abin da ya lalace a jirgin. Akwai wata sakata da ake kulle jelar jirgi da ita idan yana ajiye don kar iska ta riƙa kaɗa ta, ita aka manta ba a zare ba.

Na daɗe tsaye ina kallon jelar B-17 ɗin nan. Mutum biyu da suka fi kowa iyawa a filin, sakata ɗaya. Hausawa na cewa sabo turken wawa, to a nan na ga sabo har gwani yake turkewa. Kuma abin da ya burge ni shi ne matuƙan da suka rage ba su ce a ƙara wa mutane horo ba, don wa za a horar ya fi Hill? Sai suka zauna suka rubuta 'yar gajeriyar takarda, abin da za a duba kafin tashi, da bayan tashi, da kafin sauka, da bayan sauka. Gasar dai ta kuɓuce wa Boeing a lokacin, guda 13 kawai soja suka yi oda don ci gaba da gwaji, amma daga baya sai da aka ƙera B-17 sama da 12,000.

A hanyar dawowa Injiniya ya ce gani ya kori ji, Asabar mai zuwa in yanayi ya yi kyau zai ɗauke ni mu zaga a ƙaramin jirgi, ni zan riƙe takardar.

Nan fa aka yi ta. Hajiya ta ji labari hankalinta ya tashi, amma surukinta ne ba za ta iya ce masa a'a baki da baki ba, sai ta kira Yaya ɗaki ta ce ta faɗa wa mijinta ita ɗa ɗaya ta zo da shi kuma da shi take so ta koma. Injiniya da ya ji sai ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofar falo kansa a ƙasa, ya gaishe ta, ya miƙa wa Yaya wani kati da aka yi wa laminetin ta miƙa mata. Ya ce, "Hajiya, duk abin da ke jikin nan sai mun duba shi ɗaya bayan ɗaya, in guda ɗaya bai yi daidai ba wallahi gida za mu dawo." Hajiya ba ta karanta boko amma ta karɓa, ta sa yatsa tana bin layukan ɗaya-ɗaya kamar mai jan carbi har ta kai ƙasa, ta juya bayan ta sake bi. Ta daɗe. Sannan ta miƙa wa Yaya ta ce, "Allah Ya tsare," ba ta ƙara komai ba.

Filin jirgin ɗan ƙarami ne a bayan gari, ba layi ba bincike, ofis ɗaya da rumfuna. Jirgin Cessna 172 ne, kujeru huɗu, farfela ɗaya a hanci, fiffike a sama, cikinsa bai kai na ƙaramar mota faɗi ba. Abu na farko da na gani da ya buɗe ƙofa shi ne wani ƙarfe da aka soka a wuyan sitiyari, a jikinsa akwai wani faranti mai jan rubutu da ya sauko ya rufe ramin makulli ruf. Injiniya ya ce, "Ka gane ta?" Sakatar 1935 ce. Yanzu an ƙera ta yadda ba za ka iya sa makulli ka tada inji ba sai ka cire ta. Ya ce duk da haka tana nan a takarda, layinta daban.

Muka zagaya jirgin a ƙafa, ina karantawa yana dubawa. Ya ɗauko wani ɗan kofi mai haske ya tatsi mai daga ƙasan fiffike, man shuɗi ne kamar ruwan bula, ya ɗaga shi sama yana kallo, ya ce in akwai ruwa a ciki zai kwanta a ƙasa kamar ƙwallo. Ya taka ya hau ya buɗe murfin tanki ya leƙa da idonsa, alhali ga agogon mai a ciki yana nuna a cike, ya ce agogo na iya ƙarya. Ya zaro sandar baƙin mai ya duba, ya shafa bakin farfela da tafin hannu yana neman tsaga, ya cire wani jan ƙyalle da aka rufe bututun auna gudu da shi, ya tsuguna a gaban kowace taya ya duba. Wajen minti ashirin muna wannan a cikin sanyi, yatsuna har sun ƙage.

Da muka shiga muka ɗaura bel muka sa abin ji a kunne, sai ya koya min yadda ake yi. Ni zan kira sunan abu da ƙarfi, shi zai kai hannu ya taɓa abin, ya kalle shi, sannan ya faɗi yadda ya same shi. Ya ce kar in yarda ya ce min "an duba" ko "ya yi". In na ce mai, ya ce tanki biyu a buɗe. In na ce filaf, ya ce digiri 10. Ya ce bayan haɗarin Detroit wasu masana biyu, Asaf Degani da Earl Wiener, sun yi wa hukumar NASA bincike da ya fito a 1990, sun riƙa zama a ɗakin matuƙa suna kallon yadda ake karanta takardar nan a aikace, suka ga baki na iya cewa "an duba" ido bai kalli komai ba, don kalma ce da ta dace da kowane layi. Amma in dole sai ka faɗi lamba to dole ka kalla. Suka ba da shawarar a sa abubuwan da mantuwarsu ke kisa a farkon takarda tun hankali bai rabu ba, kuma doguwar takarda a yanka ta gida-gida, kowane gida a ɗaure shi da wani lokaci sananne na tafiyar.

Ya buɗe taga ya ƙwala kira a kauce wa farfela duk da ba kowa a wurin, ya tada inji. Muka gangara zuwa bakin titi muka tsaya, ya taka birki ya ƙara wuta jirgin na rawa, ya murɗa makulli hagu da dama yana kallon allura. Ya juya sitiyari dama ya leƙa fiffike, ya juya hagu ya leƙa, ya ja shi baya har ƙirji ya waiwaya ya kalli jela tana motsi. Muna tsakiyar gidan ƙarshe na takardar sai wani matuƙi ya yi magana a rediyo yana sanar da zai sauka, Injiniya ya amsa masa, suka yi 'yar magana ta daƙiƙa goma ko sha biyar. Da ya gama na sa yatsa inda nake zaton mun tsaya zan ci gaba, sai ya ce in koma farkon gidan.

Na ce, "Injiniya ai mun wuce nan."

Ya ce, "Mun wuce, ko kana jin kamar mun wuce?"

Na kalli katin, kuma gaskiya ban iya rantsewa ba ko layi na huɗu muka tsaya ko na biyar. Daƙiƙa goma sha biyar kacal. Na koma farko.

Ya riga ya gargaɗe ni cewa daga lokacin da muka hau titi har mu yi nisa a sama ba hira, haka ma in za mu sauka. Ya ce a manyan jirage doka ce a Amurka tun 1981, ƙasa da ƙafa 10,000 ba a maganar da ba ta shafi tuƙi ba, ba labarin iyali ba labarin albashi. To muka tashi shiru. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, a babban jirgi kamar a ɗaki kake, a nan kuwa kana jin iska na ɗaga ka kamar a tafin hannu. Gonaki sun zama murabba'i-murabba'i kamar tabarma, ga dazuzzuka ja da rawaya, ga manyan motoci a babbar hanya kamar tururuwa. Muka kai ƙafa 3,000 ya ce yanzu ka yi magana, na rasa abin cewa sai subhanallah.

A saman ne na tambaye shi, to manyan jirage masu ɗaruruwan maɓallai takardarsu ai littafi ce guda. Ya ce a'a, ta yau da kullum gajeriya ce ƙwarai, sau da yawa kati ɗaya gaba da baya. Matuƙi da ka yake saita komai, hannunsa na bin allon a jere yadda ya saba, sai bayan ya gama a ɗauko takarda a tabbatar da 'yan abubuwan da in an manta su ba gyara. In ka cika ta da komai da komai mutane za su gaji su fara tsallake. Ta gaggawa ce littafi, ita kuma karantawa ake ana aikatawa layi-layi, ban da 'yan abubuwan da ake haddacewa don ba lokacin buɗe shafi, misali in iska ta zube a can ƙafa 35,000 abin shaƙar iska za ka fara sawa don bai fi minti ɗaya ba hankali zai gushe. Sababbin jirage irin su Boeing 787 takardar a allon kwamfuta take, wasu layukan ma jirgin da kansa yake ganewa an yi ya mai da su kore.

Kuma ya ce ita ma takardar mutum ne ya rubuta ta, tana iya gazawa. Jirgin nan da ya sauka a kogin Hudson na New York a watan Janairun 2009 bayan tsuntsaye sun kashe masa inji biyu, takardar mutuwar inji biyu da mataimakin kyaftin ya buɗe shafi uku ce, an rubuta ta ne da tunanin jirgi na can sama da lokaci a hannu, su kuwa suna wajen ƙafa 3,000 kacal, ƙasa da minti huɗu suke da shi. Kusan kashi ɗaya cikin uku suka samu karantawa. Kyaftin Sullenberger da kansa ya tsallaka ya kunna ƙaramin injin ba da lantarki tun kafin a zo layinsa, kuma hakan ya taimaka sosai, duk mutum 155 suka rayu. Masu bincike suka ce a rubuta wata gajeriya ta musamman don irin wannan a ƙasa-ƙasa. Haka abin yake tafiya, kusan kowane layi in ka bi asalinsa za ka tarar da ranar da aka yi kuka.

Mun yi kamar minti arba'in muka juyo, na sake karanta masa gidan sauka, taya ta taɓa ƙasa da 'yar ƙara. Kafin mu fita sai da aka karanta na kashe inji, aka mayar da sakata wurinta.

A mota ne, don ba zai yi maganar a gaban Hajiya ba, ya faɗa min abin da binciken jirgin Jidda ya gano. Jirgin DC-8 ne, wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, kuma an san da haka tun kafin ranar, amma ana gudun a makara da jigilar alhazai sai aka sake shi a haka, lambobin da ke takardar gyara ma an taɓa su. Yana gudu a titi tayoyin suka fashe suka kama da wuta, matuƙan ba su san wuta ce ba suka naɗe su zuwa cikin jirgi.

Wannan ya tsaya min a rai fiye da duk abin da na gani a Dayton, saboda ni a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti nake aiki, muna da firij na ajiye magunguna da alluran rigakafi da ake so sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8, a ƙofarsa akwai takarda da ake rubuta awon safe da yamma. Na sha ganin an cike ta ta sati guda a zama ɗaya da biro ɗaya, 5, 5, 4, 5, kuma ba zan ɓoye ba ni ma na taɓa cike gurbin ranar da ban duba ba don kar a ga rami. A lokacin ban ɗauke shi komai ba. A motar nan ina kallon gonakin masara na ji kunya ta kama ni sosai, don wanda zai zo bayana ya ga 5 zai yarda da ni, ya ɗauki allurar ya yi wa ɗan wani. Da na bar gurbin ba komai ai da ya san ba a duba ba.

Da muka isa gida Hajiya na zaune a kan darduma inda muka bar ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kun karanta duka?" Na ce duka Hajiya, wani wurin ma sau biyu. Ta shafa addu'a ta tashi ta shiga wurin jariri.

Ranar dawowa an sha kuka a filin jirgin Columbus, Yaya ta rungume Hajiya ta ƙi saki, Injiniya na gefe riƙe da jariri a cikin bargo. Da muka shiga, Hajiya da kullum take cewa a sa ta can tsakiya inda ba za ta ga waje ba, sai ta ce in bar mata taga. Kujerarmu na daidai bayan fiffike. Aka tura mu baya, injina suka tashi, ta kafa ido a waje carbi na hannunta.

"Wanne ne ka ce yana fitowa?"

Na nuna mata gefen baya na fiffiken. Muka jira. Can sai muka ji wani ɗan gurnani a ƙarƙashin ƙafafunmu, ƙarfen ya fara zamowa baya a hankali yana sunkuyawa, ya tsaya.

Ta ce, "Ya fito."

Na ce, "Ya fito Hajiya."

Ta gyara mayafinta ta jingina, ta fara karanta addu'ar hawa abin hawa a hankali, subhanallazi sakkara lana haza, jirgin ya juya hanci ya nufi titi.